Ƙungiyoyin tattaki a Birtaniya da amfanin tafiyar ƙafa ga masu manyan shekaru

A kowane mako dubban mutane a Birtaniya kan haɗu a tashoshin jirgin ƙasa, da bakin ɗakunan shan magani, da dandalin ƙauyuka, domin su fita tattaki tare a cikin karkara. Da dama daga cikinsu sun haura shekara 60, kuma sun riga sun yi ritaya daga aiki.

Abin da ake nufi da tattaki a nan shi ne tafiyar ƙafa mai ɗan nisa a wajen gari, ta cikin gonaki, ko kurmi, ko bakin teku, ko kan tsaunuka, domin motsa jiki da shan iska.

Al'ada ce da ta daɗe a ƙasar, amma likitoci da hukumomin kiwon lafiya sun ƙara mayar da hankali a kanta saboda yadda yawan tsofaffi ke ƙaruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 akwai mutum biliyan 1 masu shekara 60 zuwa sama a duniya. Ta yi hasashen adadin zai kai biliyan 1.4 a shekarar 2030, sannan ya kai biliyan 2.1 a shekarar 2050.

Alƙaluman hukumar sun kuma nuna cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na baligan duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma matsalar ta fi ƙamari bayan mutum ya wuce shekara 60.

Asalin al'adar

Ƙungiyoyin tattaki sun samo asali ne daga bunƙasar masana'antu a ƙarni na 19, lokacin da jama'a suka yi ta ƙaura daga ƙauyuka zuwa birane irin su Manchester da Sheffield da Leeds domin aiki a masaƙu da masana'antun ƙarfe.

Biranen sun cika da hayaƙin kwal da cunkoso. Ma'aikata da yawa ba su da hutu sai ranar Lahadi, don haka sai suka riƙa shiga jirgin ƙasa zuwa tsaunukan da ke kusa domin su sha iska mai tsabta.

Sai dai a daidai wannan zamani ne masu hannu da shuni suke killace filayen da a da jama'a ke ratsawa. Wannan ya sa aka kafa ƙungiyoyin kare tsofaffin hanyoyin ƙafa a birnin York a shekarar 1824, da kuma Manchester a 1826.

A shekarar 1900 wani ma'aikaci mai suna G.H.B. Ward ya kafa ƙungiyar Sheffield Clarion Ramblers, wadda ke cikin ƙungiyoyin tattaki na farko da talakawan ma'aikata suka kafa wa kansu.

Kutsen Kinder Scout

Tsaunin Kinder Scout, mai tsawon mita 636, shi ne mafi tsawo a yankin Peak District da ke tsakanin Manchester da Sheffield. Masu filin sun keɓe shi domin farautar wani tsuntsu mai kama da makwarwa, wadda ake yi na 'yan kwanaki kaɗan a shekara, kuma sun zuba masu gadi da ke korar duk wanda ya shiga.

A ranar 24 ga watan Afrilun 1932, kimanin mutum 400, galibinsu matasan ma'aikata, suka tashi daga ƙauyen Hayfield suka hau tsaunin da gangan ba tare da izini ba. Jagoransu shi ne Benny Rothman, wanda a lokacin shekarunsa 20.

An yi ɗan artabu da masu gadi. 'Yan sanda sun kama mutum shida, kotu kuma ta ɗaure biyar daga cikinsu na tsawon wata biyu zuwa shida.

Manyan ƙungiyoyin tattaki na lokacin ba su goyi bayan kutsen ba, domin a ganinsu zai ɓata shawarwarin da suke yi da masu filaye. Amma tsananin hukuncin ya jawo wa waɗanda aka ɗaure tausayin jama'a, kuma bayan 'yan makonni dubban mutane suka yi gangami a Winnats Pass da ke kusa.

A shekarar 2002, wajen bikin cika shekara 70 da kutsen, basaraken Devonshire na lokacin, Andrew Cavendish, ya nemi gafara a bainar jama'a kan abin da aka yi wa masu tattakin a zamanin kakansa.

Dokokin da suka biyo baya

A ranar 1 ga watan Janairun 1935 aka kafa ƙungiyar masu tattaki ta ƙasa, wadda a yanzu ake kira Ramblers.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, majalisar dokoki ta zartar da dokar shekarar 1949, wadda ta ba da damar kafa gandun daji na ƙasa, ta kuma umarci ƙananan hukumomi su zana taswirar hanyoyin ƙafa da jama'a ke da 'yancin bi. Yankin Peak District ne ya zama gandu na farko a shekarar 1951.

A shekarar 1965 aka buɗe hanyar Pennine Way mai tsawon kimanin kilomita 430, daga ƙauyen Edale zuwa Kirk Yetholm da ke cikin Scotland. Wani ɗan jarida, Tom Stephenson, shi ne ya ba da shawarar yin ta shekara 30 kafin nan.

Wata dokar ta shekarar 2000 ta bai wa jama'a 'yancin yawo a kan tsaunuka da filayen da ba a nomawa a Ingila da Wales, ko da kuwa mallakar wani ne. A Scotland dokar shekarar 2003 ta ba da 'yancin da ya fi haka faɗi.

A Ingila da Wales akwai hanyoyin ƙafa na jama'a da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 225,000. Da yawa sun ratsa ta tsakiyar gonaki, kuma doka ta hana mai gona toshe su.

Yadda ƙungiyoyin ke aiki

Ƙungiyar Ramblers na da mambobi wajen 100,000, da rassa kusan 500 a Ingila da Wales da Scotland. 'Yan sa-kai ne ke gudanar da kusan dukkan ayyukan rassan.

Kowane reshe kan fitar da jadawalin tafiye-tafiyensa, inda ake bayyana wurin haɗuwa, da nisan tafiyar, da kuma matakin wuyarta, daga mai sauƙi a shimfiɗaɗɗiyar hanya zuwa mai hawa da gangara da kan ɗauki yini guda.

Jagoran tafiya kan bi hanyar shi kaɗai tun kafin ranar, domin ya ga ko akwai laka, ko karyayyiyar gada, ko shanu a kan hanya. A ranar tafiyar yana gaba, wani ɗan sa-kai kuma yana can baya domin kada a bar kowa. Ƙa'idar ita ce a daidaita sauri da wanda ya fi kowa nawa.

Baya ga Ramblers, akwai ƙungiyar 'yan ritaya ta u3a, wadda aka kafa a Birtaniya a shekarar 1982 bisa koyi da wani shiri da ya fara a birnin Toulouse na Faransa a 1973. Rukunonin tattaki na cikin ayyukan da rassanta suka fi yi.

Akwai kuma ƙananan rukunoni na unguwanni, da na wuraren ibada, da na tsofaffin abokan aiki, waɗanda ba su da rajista da kowa.

Tattaki a matsayin magani

A tsakiyar shekarun 1990 wani likita, Dokta William Bird, ya fara shirya wa marasa lafiyarsa gajerun tafiye-tafiye daga asibitinsa da ke ƙauyen Sonning Common a gundumar Oxfordshire.

Ya lura cewa gaya wa mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙa motsa jiki ba ya wadatarwa, domin da yawa ba su san inda za su je ba, ba su kuma da abokin tafiya.

A shekarar 2000 Gidauniyar Kula da Ciwon Zuciya ta Birtaniya da hukumar kula da karkara suka faɗaɗa shirin zuwa sassan Ingila. A shekarar 2012 Ramblers ta karɓi ragamarsa tare da wata ƙungiyar tallafa wa masu ciwon daji, Macmillan.

Tafiye-tafiyen wannan shiri kyauta ne, kuma ba sa wuce minti 90. Wasu ma na minti 10 ne kawai, domin waɗanda suka tashi daga jinya.

Tun daga shekarar 2019 hukumar kiwon lafiya ta Ingila ta shigar da irin wannan tsari cikin manufofinta, inda likita kan tura mutum wajen wani jami'i da zai haɗa shi da rukunin tattaki, ko na aikin lambu, ko makamancin haka a unguwarsu.

Abin da bincike ya nuna

Hujjar farko ta kimiyya kan alaƙar motsa jiki da lafiyar zuciya ta fito ne daga Landan. A shekarar 1953 Farfesa Jerry Morris ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufurin birnin kimanin 31,000.

Ya gano cewa kwandastocin motocin bas masu bene, waɗanda ke yini suna hawa da sauka a matakala, ba su kai direbobin da ke yini a zaune kamuwa da ciwon zuciya ba, duk da cewa a mota ɗaya suke aiki.

A Amurka, wani gwaji da aka yi a kan mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka wallafa a shekarar 2002, ya nuna cewa rage ƙiba tare da motsa jiki na minti 150 a mako, galibi tafiyar ƙafa da ɗan sauri, ya rage kamuwa da cutar da kashi 58 cikin 100. A tsakanin masu shekara 60 zuwa sama raguwar ta kai kashi 71. Maganin metformin da aka bai wa wani rukuni ya rage ta da kashi 31.

Dangane da ƙwaƙwalwa kuwa, a shekarar 2011 Kirk Erickson na Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinsa sun raba dattawa 120 gida biyu. Rukuni ɗaya ya riƙa tafiyar minti 40 sau uku a mako har shekara guda, ɗaya kuma ya riƙa miƙe gaɓoɓi kawai.

Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sashen da ke kula da tuna abubuwa, wanda kan ƙanƙance da tsufa, ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100 a wajen masu tafiyar, alhali ya ragu a wajen ɗaya rukunin.

Taku nawa ake buƙata?

An daɗe ana cewa sai mutum ya yi taku 10,000 a rana. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a shekarar 1965, wadda sunanta ke nufin ma'aunin taku dubu goma.

A shekarar 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta wallafa binciken da ta yi a kan mata 16,741, waɗanda matsakaicin shekarunsu 72 ne.

Ta gano cewa yawan mace-mace a tsakanin matan da ke yin taku 4,400 a rana ya gaza na masu yin taku 2,700 da kimanin kashi 41 cikin 100. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, daga nan kuma bai ƙara wani abin a-zo-a-gani ba.

Wani nazarin na shekarar 2022, wanda ya haɗa bincike 15 da suka shafi mutum kimanin 47,000, ya nuna cewa ga masu shekara 60 zuwa sama amfanin kan kai ƙololuwa ne tsakanin taku 6,000 zuwa 8,000.

Sai dai masana na yin gargaɗi kan yadda za a fahimci waɗannan alƙaluma. Irin wannan bincike na bin rayuwar mutane ne kawai, kuma mai yiwuwa wasu sun rage tafiya ne saboda rashin lafiyar da ta riga ta kama su. Masu binciken kan yi ƙoƙarin cire tasirin hakan daga lissafinsu, amma gwaje-gwajen da ake raba mutane rukuni-rukuni sun fi ƙarfin hujja.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ita ce masu shekara 65 zuwa sama su yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Alamar matsakaici ita ce numfashin mutum ya ƙaru, amma yana iya magana da abokin tafiyarsa.

Fa'idar tafiya cikin jama'a

A shekarar 2015 Sarah Hanson da Andy Jones na Jami'ar East Anglia sun tattara sakamakon bincike 42 da aka yi kan rukunonin tafiyar ƙafa, waɗanda suka ƙunshi mutum 1,843.

Sun gano cewa lambar sama ta awon hawan jinin mahalarta ta ragu da kusan maki 4, ta ƙasa kuma da kimanin maki 3. Haka kuma bugun zuciya, da kitsen jiki, da kitsen da ke cikin jini, da alamomin ciwon damuwa duk sun ragu.

Kimanin kashi uku cikin huɗu na mahalartan sun ɗore da shirin, kuma ba a samu rahoton wani mummunan rauni ba. Masu binciken sun ba wannan ɗorewa muhimmanci, domin babbar matsalar shirye-shiryen motsa jiki ita ce mutane kan fara sannan su watsar.

Wanda ya san ana jiransa a wurin haɗuwa da ƙarfe goma na safe ya fi wanda zai fita shi kaɗai wuyar fasawa, musamman a lokacin hunturu.

Akwai kuma batun kaɗaici. Tsofaffi da yawa a Birtaniya suna zaune su kaɗai bayan rasuwar miji ko mata, 'ya'ya kuma sun yi nisa. A watan Janairun 2018 gwamnatin Theresa May ta ɗora wa wata minista, Tracey Crouch, alhakin yaƙi da kaɗaici.

A shekarar 2025 wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma matsalar na da alaƙa da mutuwar mutane fiye da 871,000 a kowace shekara.

Wannan ne ya sa yawancin rukunonin ke kammala tafiyarsu da zaman shan shayi, kuma idan aka kwana biyu ba a ga wani ba akan tambayi lafiyarsa.

Ƙarfin ƙafa da haɗarin faɗuwa

Tsokar jikin ɗan Adam kan fara raguwa tun daga shekara 30, raguwar kuma kan ƙara sauri bayan shekara 60. Ƙashi ma kan rage ƙwari, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki.

Tafiya a kan hanya mai tudu da kwari na sa tsokokin cinya da idon sawu yin aikin da ba sa yi a kan kwalta. Duk da haka masana sun ce tafiya kaɗai ba ta isa ta hana faɗuwa ba.

Shi ya sa hukumar ta ba tsofaffi shawarar su ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako, kamar tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, ko tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango.

Matakan kariya

Likitoci na ba mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko wanda ya daɗe bai motsa jiki ba shawarar ya ga likita kafin ya fara hawan tsauni, sannan ya fara da gajeriyar tafiya yana ƙarawa sannu a hankali.

Ciwon ƙirji, da jiri, da sarƙewar numfashi alamu ne da ke nuna a tsaya nan take a nemi taimako.

Jin ƙishirwa kan ragu da tsufa, don haka ana so dattijo ya riƙa kurɓar ruwa ko bai ji ƙishi ba. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura ya riƙe wani abu mai zaƙi, kamar dabino, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan tafiya, domin ƙaramin rauni na iya zame masa babban gyambo.

Gangarowa daga tsauni ta fi hawa wahalar da gwiwa, kuma a nan aka fi zamewa. Sandunan tafiya guda biyu da takalmi mai riƙe ƙasa na rage wannan haɗari.

Waɗanda aka bari a baya

Wani rahoto da gwamnati ta sa Julian Glover ya rubuta a shekarar 2019 ya nuna cewa tsirarun ƙabilu da marasa galihu ba sa amfana da gandun dajin ƙasar kamar sauran jama'a. Daga cikin dalilan akwai tsadar sufuri da kayan tafiya, da kuma jin cewa wurin ba nasu ba ne.

Wannan ya haifar da sababbin ƙungiyoyi. A shekarar 2019 Rhiane Fatinikun ta kafa Black Girls Hike a Manchester domin mata baƙar fata.

A shekarar 2020, lokacin kullen annobar korona, Haroon Mota na birnin Coventry ya kafa Muslim Hikers. Ƙungiyar kan tsara tafiyarta ta yadda za a tsaya a yi salla a kan hanya, kuma matasa da dattawa, maza da mata, kan halarta.

A ranar Kirsimetin 2021 ƙungiyar ta kai mutum fiye da 100 kan tsaunin Mam Tor. Bayan an sanya hotunan a Facebook, wasu sun yi musu kalaman wariyar launin fata, amma jama'a da dama sun fito sun goya musu baya, kuma ƙungiyar ta ƙara samun mabiya.

Ga tsofaffi kuma akwai wani cikas na daban. Hanyoyin karkara da yawa na da matakalar katako da ake tsallake shingen gona da ita, wadda mai ciwon gwiwa ko ƙugu ba ya iya hawa. Wasu gandun daji, irin su Lake District, sun maye gurbinsu da ƙofofi a wasu hanyoyi, sun kuma fitar da jerin hanyoyin da ba su da matakala.

Sauran rina a kaba

Al'adar tattaki cikin ƙungiya na da ƙarfi a wasu ƙasashen ma. A Jamus an kafa ƙungiyar yankin Schwarzwald a shekarar 1864, sai kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu tattaki ta ƙasa a birnin Fulda a 1883. A Koriya ta Kudu dattawa na cikin waɗanda suka fi cika tsaunin Bukhansan da ke gefen birnin Seoul a ƙarshen mako.

A Birtaniya kuwa muhawarar da aka fara tun zamanin Kinder Scout ba ta ƙare ba. Filayen da dokar 2000 ta buɗe ba su wuce kimanin kashi 8 cikin 100 na faɗin Ingila ba, kuma galibinsu na kan tsaunukan da ke nesa da birane.

Masu fafutuka na neman a faɗaɗa 'yancin ya haɗa da kurmi da bakin koguna da filayen da ke gefen gari, inda tsoho zai iya zuwa da ƙafa ko a bas. Ƙungiyoyin manoma da masu filaye kuwa na nuna damuwa kan karnukan da ke far wa tumaki, da shara, da ɓarnar amfanin gona.

A shekarar 2020 'yan sa-kai na Ramblers sun kwatanta tsofaffin taswirori da na yanzu, inda suka gano hanyoyin ƙafa masu tsawon kusan kilomita 79,000 a Ingila da Wales da mai yiwuwa an manta ba a shigar da su cikin taswirar hukuma ba. Sai an gabatar wa ƙaramar hukuma hujjar kowace hanya, ɗaya bayan ɗaya, kafin doka ta kare ta.